Dokar Jiran Kasuwar Gandi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga mai sunan Malam,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ko a mota ka buɗe ta ko sai ka sauka Zariya. Allah ya tsare hanya, ya raba direbanku da gyangyaɗi da gaggawa, ya sauke ku lafiya. Na ba mahaifiyarka ta sa maka ita a jaka kusa da kilishi, inda muka tabbata hannunka zai kai.

Za ka yi mamakin takarda daga mutumin da kuke kwana gida ɗaya. Kai ɗan fari ne, ka kuma san yadda aka rene mu. Ban iya kiran sunanka, ban iya zaunar da kai in dube ka in yi doguwar magana. Na karanta littattafai da dama da ke cewa wannan kunya ba ta da amfani, na kuma yarda da su, amma bakina bai karanta su ba.

Maganar salla da karatu da abokan banza, mahaifiyarka da kakarka sun yi maka ita har sun maimaita, ba su rage mini komi ba. Tawa magana ɗaya ce, a kan Haliru ɗan baffanka Sani na Tursa, wanda bai zo sallama da kai ba. Kowa a gidan nan ya lura, kowa ya yi kamar bai lura ba. Ku biyu kun yi shekaru kuna kwana ɗaki ɗaya, kuna ci a kwano ɗaya, yau ga shi za ka bar gari ba ku magana. Ina tsoron in ka tafi a haka, a haka za ku zauna.

Ka yi haƙuri in faro daga tushe, ko da yake kai ka yi abin. Malamin tarihi ne ni, ɗalibaina na Goronyo sun daɗe da sallamawa.

Lokacin da Haliru ke zaune wurinmu nan Wurno yana sakandare kuka kamu da son waɗannan zane-zanen Japan masu motsi da kuke kira anime: mutane masu idanu kamar faranti, da gashi a tsaye kamar an firgita su, waɗanda ba su saran juna sai sun yi dogon jawabi. Kuka buɗe zaure a waya don hirarsu. Da farko ku kaɗan ne, 'yan Wurno da 'yan Rabah da wasu 'yan Goronyo, duk kun san iyayen juna. Da Haliru ya gama makaranta zai koma Tursa taya ubansa noma, sai aka samu matsala. A Tursa ba a samun sabis sai an hau tudun bayan gari an ɗaga waya sama, shi ma bai isa a sauko da fim ba. Sai ranar kasuwar Gandi, in ya je, mai tura finafinai ya zuba masa fitowar makon a memori. Don haka kuka kafa doka: ba mai cewa uffan a kan sabuwar fitowa sai an ci kasuwar Gandi. Haliru zai zauna a rumfar mai caji ya kalla, sannan ya rubuta muku, "Na gani, ku buɗe baki." Sai gardama ta ɓarke.

Na sha jin dokoki a rayuwata, kaɗan ne suka kai wannan hankali. Ban gaya muku ba a lokacin, don kada ku ɗauka na yarda da masu manyan idanu.

Sai zaure ya cika. 'Yan Sakkwato suka shigo, suka jawo 'yan Kano da Kaduna, har da wani da ke karatu a Indiya. Waɗannan suna samun fitowa ranar da ta fito, sannan a ce su kame baki sai an ci wata kasuwa da ba su san ko a wace nahiya take ba. Suka fara ƙorafi. A nan ne na shigo labarin, ba tare da na san na shigo ba.

Wata la'asar ina zaune gindin darbejiya ina duba takardun jarrabawa, ka zo ka tsuguna can nesa ka ce, "Baba, in jama'a ta yi yawa, wasu na son a canza doka wasu ba su so, mi ya kamata a yi?"

Ka san daɗin da malami ke ji in ɗansa ya yi masa tambaya irin ta aji. Na ajiye biro. Na ɗauko maka majalisun mutanen da, na bi ta kan shawara a Musulunci, na gangaro zamanin Turawa, ban tsaya ba sai da aka kira magariba. Ƙarshe na ce, "A jefa ƙuri'a, a bi masu rinjaye." Ka ce, "To, Baba," ka miƙe da alamar ƙafarka ta yi sanyi. Ban tambaye ka wace jama'a ba, ban tambaye ka wace doka ba. Na ɗauka wata tambayar jarrabawa ce.

Ga abin da na koya, ka riƙe shi. In mutum ya zo neman shawara bai ambaci suna ba, tambaye shi sunaye kafin ka buɗe baki, domin shawarar da ta yi daidai a kan jama'a tana iya zama zalunci a kan Haliru. Sannan kafin a ƙirga hannuwa, a duba wa ya kasa isowa wurin ƙirgar. Abin da ya fi ba ni haushi, na fi kowa sanin wannan. Gonar da Malam mahaifinmu ya bar mana a fadama tana can wutsiyar magudanar ruwa. Duk sanda za a yi taron rabon ruwa, a bakin ƙofar ruwa ake yinsa, inda inuwa take da mai shayi. Kafin mu na ƙarshe mu tako mu iso, an gama, an shafa fatiha, sai a ce mana jama'a ta amince. Mutanen nan ba mugaye ba ne. Albasarsu ba ta taɓa jin ƙishirwa ba, shi ya sa ba su ga amfanin jira. Na yi shekaru ina ƙorafi a kan haka, da abin ya zo cikin wayar ɗana ban gane shi ba.

Kuka jefa ƙuri'arku cikin yini guda, a tsakiyar mako. A makon nan kuwa mutanen Tursa ba su hawa tudu, don an ga baƙin babura a dajin da ke bayansa. Ba Haliru, ba 'yan Gandi, ba rabin 'yan Rabah. Masu rinjaye suka yi rinjaye. Aka soke jiran kasuwa. Da yake an samu alƙalami a hannu, sai aka ƙara da wasu dokokin: ba gaisuwa, ba barka da Juma'a, ba ta'aziyya, ba zagi, anime kawai.

Ba na ganin laifin yaran birni. Wanda ke Indiya bai ɗauki alkawarin kowa ba. Kai ne kaɗai a cikin masu jefa ƙuri'ar nan ka san tudun Tursa, ka taɓa hawansa da ƙafarka.

Ranar kasuwa Haliru ya iso Gandi ya kunna waya. Kafin mai tura finafinai ya miƙo masa memori, saƙonnin mako guda suka zubo. Na farko da ya gani hoton tsohon nan ne mai takobi, malamin jarumin, wanda kuka yi shekaru kuna bi, kwance ya mutu, an jera masa fuskokin kuka a ƙasa. Haliru ya aiko da saƙon murya cikin zaure. Na ji shi, ƙanwarka Asma'u ta kunna wa mahaifiyarku ina alwala. Akwai kalmomi a ciki da ban san a gidana ya koye su ba. Wani yaron Kano da ka ba shugabanci tare da kai, mai kiran kansa Inuwar Dare, ya fitar da shi bisa dokar zagi. Kana da ikon mayar da shi da ɗan yatsa ɗaya. Asma'u ta ce ka ce, "Doka doka ce."

Kafin dare 'yan Rabah da 'yan Goronyo suka fice, suka buɗe nasu zauren da suna iri ɗaya, suka ƙara "na Asali". Ku kuma kuka ƙara wa naku "na Gaskiya". Na karantar da yadda dauloli suka rabu a kan gado da ruwa da hanyar fatake. Wannan ce ta farko da na gani ta rabu a kan ranar kasuwa, amma sunayen da ɓangarorin suka zaɓa, su ne dai na kullum.

Kuskurena na biyu shi ne dariya. Bayan 'yan makonni Haliru ya shigo Wurno sayen irin albasa, ya biyo ya gaishe ni, a daidai lokacin da ya san ba ka gida. Bayan mun gaisa na tambayi baffanka da mutanen gida, sai na gyara murya na ce, "Haliru, ashe an yi rashi. Allah ya jiƙan tsoho mai takobi, ya ba ku haƙurin jurewa."

Na jira dariya, ba ta zo ba. Ya dubi tabarma ya ce, "Baffa, tsohon ai zane na, na sani. Ko bai mutu ranar nan ba, wata rana shina mutuwa."

Na ce, "To mi ya yi zafi haka?"

Ya ce, "Mustafa ya san ranar da nika samu. Ɗakin ga munka aza dokar. Shi da bakinai ya ce ko shekara za a yi ana jirana, a jira. Ni ban roƙe shi ba."

Na ce, "Ai jama'a ce ta yi yawa."

"Awo, Baffa, ta yi yawa." Ya murza bakin hularsa. Sannan ya ce, "Can gida in anka yi la'asar kowa shigewa shikai. Ba dandali, ba ƙwallo, ba zuwa ko'ina. Yara na taruwa zauren Baba, in aza waya bisa turmi mu kalla. Mako guda muna gardamar abin da za ya faru. Ranar nan na koma na kunna musu, suna ta ihu tsoho na tashi, tsoho na tashi, ni ko na san ba ya tashi. Hakanan na zauna cikinsu kamar munahiki."

Na ce, "Ka gaya wa ɗan'uwan naka haka?"

Ya ce, "Shi da ad da mutane har Indiya, mi zai yi da na Tursa?"

Ya sha furar da mahaifiyarka ta dama masa, ya yi godiya, ya ɗaura buhunsa a babur. Ta ce masa, "Ba ka jiran ɗan'uwanka?" Ya ce, "Inna, hanya. A gaishe shi."

Na zauna da barkwancina a hannu ba mai saye. Ka ji wannan: kada ka auna baƙin cikin mutum da mudunka. A Zariya za ka haɗu da masu kuka a kan abin da kai ba ka ɗauke shi bakin komi ba, wani a kan ƙwallo, wani a kan wata kalma da aka faɗa masa a gaban mutane. Kafin ka yi dariya, tambayi mi abin yake tsare masa. Sau da yawa za ka tarar ƙaramin abin shi ne kawai ya rage masa a mako.

Akwai kuma abin da ni da kai duka ba mu gani ba, mahaifiyarka ta gani, ita da ba ta taɓa kallon fuskar mai manyan idanu ba. Ran nan da hantsi tana tsintar shinkafa ta ce, "Malam, yau kasuwar Gandi ta. An ko ji ɗuriyar Haliru?"

Na ce, "Mi ya faru?"

Ta ce, "Ba abin da ya faru. Da dai in ya rubuta abin nan nasu, Asma'u na gaya man, in san sun kwana lahiya, hanya kuma ta yi kyau. Yanzu sai in yi ta saurare."

Ashe shekarun nan duka, wannan "ku buɗe baki" shi ne labaran Tursa a gidan nan. Kun zauna ku ɗari da wani abu kun soke shi, ba wanda ya tuntuɓi matar da ta fi kowa amfani da shi. In za ka cire wani abu da ka tarar ana yi, tambayi wa ke rataye kayansa a jiki, ko da ba don shi aka kafa ba.

Kuskure na uku ka san shi, domin a gabanka aka yi, ka kuma yi mini kara ba ka taɓa tayar da maganar ba. Na sa Asma'u ta shigar da ni zaurenku, wai zan yi sulhu. Na zauna na tsara rubutu mai kyau. Na yi sallama cikakkiya, na gaida shugabanni da mambobi maza da mata, na tambayi iyayensu da karatunsu, na yi addu'a ga ƙasa. Ban ko iso kan maganar ba, na aika wannan a matsayin shimfiɗa. Sai ga amsa daga Inuwar Dare: "Baba, da girmanka, amma nan ba gurin gaisuwa ba ne. Doka ta farko." Kafin in gama neman tabarau in karanta da kyau, an fitar da ni. An taɓa yi mini canjin makaranta ba shiri, an taɓa hana ni magana a taron malamai, amma ba a taɓa sallamata cikin ladabi da sauri irin wannan ba. Yaron zai yi nisa a aikin gwamnati.

Shi ya yi daidai, ni na yi kuskure. Abin da ya tsage tsakanin mutum biyu ba a ɗinke shi a gaban taro. Da ma an bar ni na yi jawabin, da kai ka kare kanka, Haliru ya ji labari ya kare kansa, 'yan kallo su raba muku maki. Ka kiyayi sulhun da ake yi don a gani. Ka kuma kiyayi dattijon da ya shigo da shimfiɗa mai tsawo, ko da ubanka ne.

Yanzu ga abin da nike nema gare ka. Ban ce ka soke dokarku ba, mutane sun zaɓa, su ji da ita. Ban ce ka bar shugabanci ba, ko da yake ban ga abin da ake samu a ciki ba ban da ciwon ido. Ban kuma ce ka je Tursa ba, hanyar ba ta kai in tura ka ba.

Ranar kasuwar Gandi mai zuwa, daga hantsi zuwa azahar, wayar Haliru tana kunne. Na tambayi baffanka, ya ce har yanzu yana zuwa, don yaran ba su barinsa ya huta. Ka kira shi. Kira na ce, ba rubutu ba, ba hoton fuska mai murmushi ba. Kada ka fara da ƙuri'a. Kada ka ce kai ma ba ka so ba, domin ka so, ka gaji da jira kamar kowa, shi kuma ya sani. Tambaye shi gero, tambaye shi gwiwar baffanka, tambaye shi ko irin albasar ya tsiro. In ya amsa da kalma ɗaya-ɗaya, ka jure, kai ka ja. Sannan ka gaya masa ba ka kalli fitowar makon ba, kana jira ya gani tukuna.

Sai dai ka tabbata gaskiya ka faɗa. Wannan ne mai wuyar. A Zariya sabis zai bi ka har kan katifa, fitowa za ta shigo hannunka ranar da ta fito, abokan ɗaki za su kalla a gabanka suna ihu. Ka tashi ka ba su wuri. Na san nauyin abin da nike ɗora maka, ni da ban iya sayen littafi in iso gida ban leƙa shafin ƙarshe ba. Ba za ka iya sa jama'a ta jira shi ba, amma mutum ɗaya yana iyawa, kuma tun farko ba jama'a ce ta yi masa alkawari ba.

Mai yiwuwa ba zai ɗauka ba. Jinin Malam ne kamar kai, taurin kan nan gado ne, ni da baffanka mun taɓa shafe damina guda muna gaisawa ta bakin kakarku. In bai ɗauka ba, kada ka rubuta masa cewa ka kira. Ya gani. Ka bari sai wata kasuwar ka sake, ka kuma sake jira. Kada ka gaya wa kowa a zaure kana yi.

Zaure zai watse wata rana, na Asali da na Gaskiya duka. Za a yi sabuwar waya, a yi sabon abin kallo, yaran su yi aure su manta sunayen da suka raɗa wa kansu. Ni da baffanka kuma ba matasa ba ne. Ranar da za a fito da ni daga gidan nan, ina so in san kai kana riƙe da gaban makara, Haliru yana riƙe da bayanta, kuma ba a ranar ce za ku fara gaisawa ba.

Allah ya sa ka a hannun mutanen kirki, ya buɗa maka karatu, ya kare ka daga sharrin dare da na rana. Allah ya zaunar da Tursa da Gandi da duk ƙasarmu lafiya, ya sa masu zuwa kasuwa su koma gida su tarar da iyalinsu kamar yadda suka bar su. Mahaifiyarka da kakarka da ƙannenka suna gaishe ka. In ka sauka ka kira ta, ba ta cin abinci sai ta ji.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Wurno.